Katako ko Roba: Nazari kan Zaɓin Allon Yanka a Madafan Ƙauyen Alu, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci allon yanka, wato faffaɗan katako ko robar da ake ɗora nama da kayan miya a kai domin yankawa, da nufin gano wanda ya fi dacewa da gidaje da masu sana'ar abinci na Ƙauyen Alu da maƙwabtanta a Ƙaramar Hukumar Tarauni ta Jihar Kano. Maƙalar ta ɗauko sakamakon binciken da aka wallafa a Amurka da Hong Kong, ta auna shi da yanayin ruwa da zafi da kasuwa na wannan yanki. Ta gano cewa fifikon da ake bai wa roba ya rataya ne a kan sharuɗɗan da yawancin gidajen yankin ba su cika ba, don haka katako mai tauri da ake wankewa a shanya ya fi dacewa da aikin yau da kullum, muddin an ware wa ɗanyen nama allonsa daban.

1.0 Gabatarwa

A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara sakamakon cin gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu suna rasa rayukansu, kuma 125,000 na waɗanda ke mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yankin Afirka ne ya fi ɗaukar nauyin wannan masifa idan aka auna da yawan jama'arsa, inda aka ƙiyasta masu ciwo miliyan 91 da mamata 137,000 a shekara. Daga cikin matakai biyar na tsaftar abinci da hukumar ke yaɗawa akwai raba ɗanyen abinci da dafaffe, kuma babu inda ake yawan saɓa wa wannan mataki kamar a kan allon yanka, domin a nan ne jinin kaza da ganyen salak suke haɗuwa a wuri ɗaya cikin 'yan mintuna.

Ra'ayin da ya bazu a tsakanin masu sayen kayan kicin shi ne cewa roba ta fi tsafta saboda ba ta shan ruwa, katako kuwa kayan da ne da ke tara datti. Wannan ra'ayi yana da abin kamawa, amma bai cika ba, kuma rashin cikarsa yana da illa ga lafiyar iyali. Manufar maƙalar ita ce tantance shi ta hanyar dogaro da binciken da aka riga aka wallafa, tare da la'akari da yadda ake girki da sayar da abinci a unguwannin da ake magana a kansu.

2.0 Muhallin Nazari da Al'adar Yanka

Ƙauyen Alu mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Tarauni, tare da Gyaɗi-Gyaɗi ta Arewa da ta Kudu da Unguwa Uku da Daurawa da Darmanawa da sauransu, kuma ƙidayar 2006 ta nuna cewa jama'ar ƙaramar hukumar sun haura 220,000. Yanki ne da cin abinci a waje ya yawaita a cikinsa, saboda tashar motar Unguwa Uku da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, suna tara matafiya da majinyata da ma'aikata dare da rana. Duk abin da ke hawa allon yanka yana kusa: dabbobi a kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku, nama da kayan miya a kasuwar Tarauni, kayan marmari a 'Yan Lemo, katako kuma a 'Yan Katako ta Na'ibawa.

Allon yanka baƙo ne a madafar gargajiya. Uwargida takan dunƙule alayyafo ko rama a hannun hagu, ta matse shi da yatsu, ta riƙa yankawa siriri-siriri da hannun dama yana zubowa a tire ko ƙwarya, haka kuma take yi wa albasa da kuɓewa. Nama kuwa ko dai mahauci ya sare shi tun a kasuwa, ko mutum biyu su ja tsoka ɗaya yana yanka, ko a kifar da turmi a sara ƙashi a gindinsa. Abin da ya shigo da allo gidaje shi ne sauyin cima, musamman yawaitar haɗin salak da kabeji da karas da kokwamba, da soyayyiyar shinkafa da ke buƙatar yanka ƙanana daidai wa daida, da kajin gidan gona, sannan da al'adar jera wa amarya kayan kicin na zamani. Wannan sauyi yana da muhimmanci ga lafiya, domin miyar kuka da ta taushe suna daɗewa a wuta har ƙwayoyin cuta su mutu, alhali haɗin salak daga allo sai faranti.

3.0 Yadda Allo ke Yaɗa Cuta

Ɗanyen nama, musamman na kaza, yakan ɗauko ƙwayoyin bakteriya daga hanjin dabba a lokacin fiɗa, waɗanda suka haɗa da Salmonella da Campylobacter da wasu nau'o'in E. coli, kuma su ne ke haddasa gudawa da amai da zazzaɓi. Dafuwar da ta kai zafin digiri 70 a ma'aunin Salshiyos tana kashe su, don haka naman da ya nuna sosai ba shi ne abin tsoro ba. Haɗarin yana cikin abin da masana ke kira gurɓata ta tsallake, wato ƙaurar ƙwayoyin daga ɗanyen nama zuwa abincin da ba za a ƙara dafawa ba, ta hanyar allo ko wuƙa ko hannu. Ƙwayoyin suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, wasunsu suna ninka yawansu cikin kimanin minti 20 idan sun sami danshi da abinci, kuma zafin Kano a watannin Maris zuwa Mayu, da ke kusantar digiri 40, ya yi daidai da abin da suke so. Saboda haka ma'aunin nagartar allo abu biyu ne: yawan ƙwayoyin da ke saura a fuskarsa bayan an wanke, da saurin bushewarsa.

4.0 Abin da Bincike ya Nuna

4.1 Katako

Binciken da aka fi kafa hujja da shi a wannan fage shi ne na Farfesa Dean Cliver da abokan aikinsa Nese Ak da Charles Kaspar na Jami'ar Wisconsin a Amurka, wanda aka wallafa a 1994. Sun ɗiga ruwa mai ɗauke da Salmonella da Listeria da E. coli a kan katakon itatuwa masu tauri iri tara da kuma alluna na roba, sababbi da tsofaffi, sannan suka riƙa ƙirga abin da za a iya kwasowa daga fuskar kowanne. Tsaftataccen katako ya shanye ruwan cikin minti 3 zuwa 10, kuma idan yawan ƙwayoyin bai wuce abin da ɗanyen nama ke ɗauke da shi ba, ba a iya samun su a fuskar allon bayan haka. Ko da aka zuba miliyoyinsu, bayan awa 12 yawansu ya ragu da aƙalla kashi 98 cikin 100. Dalilin haka yana cikin halittar itace, domin jikinsa cike yake da siraran jijiyoyin da bishiya ke jan ruwa da su, waɗanda ke zuƙe danshi tare da ƙwayoyin zuwa ciki, inda ba sa hayayyafa, suna mutuwa sannu a hankali yayin da katakon ke bushewa.

Wannan sakamako yana da iyaka, kuma masu binciken sun bayyana ta. Idan fuskar katakon ta yi maiƙon kaza, kitsen yana toshe jijiyoyin, ƙwayoyin su zauna a sama har tsawon awa 12, sai an wanke da ruwan zafi da sabulu suke fita. A shekarar 1994 ɗin kuma masu bincike na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin da katako ya zuƙe suna iya zama da rai a cikinsa na wani lokaci. Abin da za a fahimta daga haɗa binciken biyu shi ne cewa amincin katako yana cikin bushewarsa, kuma katakon da ke kwana a jiƙe ya rasa fifikonsa. Dokar abinci ta Amurka ma ta yarda da allon katako a gidajen sayar da abinci, da sharaɗin ya kasance na itace mai tauri kuma mai matsattsen jiki.

4.2 Roba

Ana yin allon roba yawanci da foliyetilin mai kauri ko folifirofilin, waɗanda ake gane su da lamba 2 da lamba 5 da ake bugawa a cikin alamar kusurwa uku a jikin kaya. Sabuwar roba tana wankuwa cikin sauƙi, ba ta da nauyi, tana jure ruwan bilic, ana kuma yin ta kala-kala, abin da ya sa manyan otal-otal suka ɗauki tsarin launi, ja don ɗanyen nama, shuɗi don kifi, kore don salak da 'ya'yan itace. Matsalarta tana farawa ne daga ranar da wuƙa ta fara zane ta. Binciken Wisconsin ya gano cewa robar da wuƙa ta yi wa tsage da yawa tana da wuyar tsaftacewa da hannu, musamman idan kitse ya shige cikin tsagen, kuma ƙwayoyin da suka kwana a kanta cikin danshi sun wayi gari sun ƙaru. Soso yana bi ta saman tsagen ne, gefen robar da wuƙa ta ɗaga kuma yana rufe abin da ke ƙasa. A ƙasashen da roba ta karɓu ana magance wannan da injin wanke kwanuka mai tafasasshen ruwa da kuma jefar da allo da zarar ya tsufa.

4.3 Ɓurɓushin Roba

A 2023 masu bincike na Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa a Amurka suka wallafa nazarin da ya auna ɓurɓushin roba, wato ƙananan gutsattsarin da ba su kai milimita 5 ba, da wuƙa ke fitarwa daga allo. Sun ƙiyasta cewa mai amfani da allon foliyetilin yana iya fitar da giram 7.4 zuwa 50.7 na irin wannan ɓurɓushi a shekara, wani ɓangarensa yana bin abinci. Adalci ya wajabta a ƙara da cewa allon katako ya fitar da gutsattsari fiye da na roba a wannan nazari, kuma ɗan gwajin da suka yi a kan ƙwayoyin halittar ɓera bai nuna illa nan take ba. Duk da haka akwai bambanci tsakanin ɓurɓushin itace da na robar da ba ta ruɓewa, kuma wannan ƙarin dalili ne na guje wa sara da daddatsa mai ƙarfi a kan roba.

5.0 Auna Sakamakon da Yanayin Tarauni

Abu na farko shi ne ruwa. Gidaje da dama a wannan yanki sun dogara da rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa, ana kuma wanke-wanke da hannu a cikin baho, da ruwan sanyi da omo, sau da yawa a ruwan da aka riga aka wanke kwanuka. Sharaɗin farko na amincin roba, wato wankin inji da tafasasshen ruwa, ya faɗi ke nan. Sharaɗi na biyu, wato sauya allo a kai a kai, shi ma yana karo da tsadar rayuwa da ɗabi'ar riƙe kayan aure har su ƙare, shi ya sa ake ganin allon roba da ya shekara da shekaru, tsakiyarsa ta lotsa, tsagensa sun yi baƙi, jan manja da tumatir ya rine shi, ana ci gaba da yanka a kai.

Abu na biyu shi ne yanayi. Bushewar iskar Kano a mafi yawan watannin shekara tana taimakon katako, domin allon da aka jingine a tsaye yana bushewa cikin ɗan lokaci. Sai dai lokuta biyu suna buƙatar kula. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, katakon da aka jiƙa sosai sannan aka bari a rana yakan tsage ko ya lanƙwashe, kuma tsaga mai zurfi maɓoyar datti ce. A damina, musamman watan Agusta, allon da aka ajiye a kwance cikin rufaffiyar durowa yakan yi funfuna. Maganin duka biyun shi ne kada a tsoma shi cikin ruwa ya daɗe, a shanya shi a inuwa mai iska, a kuma riƙa shafa masa man ma'adinai da ake sayarwa don kayan abinci, domin man gyaɗa da manja suna ɓaci su yi wari a jikin katako.

Abu na uku shi ne abin da kasuwa ke bayarwa. Masassaƙan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin itatuwan da ke jure duka da ruwa, irin su kirya da ake turmi da taɓarya da ita, da maɗaci, da tsamiya, wadda mahautan Tailan ma suka fi so wajen yin gungumen sara. Katako mai taushi irin su obeche wuƙa tana cin sa da sauri, filawud da katakon garin itace kuwa da gam mai sinadari aka haɗa su, suna kumbura su ɓare idan sun sha ruwa. Ragowar katakon gini da aka shafa wa maganin gara ko fenti guba ne a kusa da abinci. Ya kamata kuma a bar madobiya, wadda aka sa cikin jerin itatuwan da wata yarjejeniyar duniya ke taƙaita cinikinsu tun 2016 saboda yawan sara. A ɓangaren roba, Kano cibiyar masana'antu ce, daga Sharaɗa zuwa Challawa da Bompai, kuma ana narka tsohuwar robar da 'yan jari-bola ke tarawa a sake ƙera kaya da ita. Wannan sana'a tana da amfani ga muhalli, amma robar da ba a san asalinta ba ba ta dace da abinci ba, don haka mai saye ya nemi allo mai kauri da ke ɗauke da lamba 2 ko 5 ko alamar kofi da cokali mai yatsu. Araha ba ta ado, siririn allon da ke lanƙwashewa a hannu yana zamewa a ƙarƙashin wuƙa, ya kuma tsage da wuri.

6.0 Gungumen Mahauci da Teburin Mai Tsire

Kuskure ne a ɗauki sakamakon Wisconsin a matsayin wanke duk wani katako daga zargi. Gungumen mahauci, wanda yanki ne na gangar bishiya da aka datse a kwance, yana da nagarta ta fuskar aiki, domin jijiyoyinsa a tsaye suke, bakin adda yana shiga tsakaninsu ba tare da ya dakushe ba. Amma daga safe zuwa yamma yana shan jini da kitse da ɓargo da ruwan kayan ciki, tsakiyarsa ta zama kwarmi, kuma idan an tashi sai a kankare fuskarsa da bayan wuƙa a rufe da buhu ko leda. Irin wannan gungume ba ya samun bushewar da amincin katako ya dogara da ita. Masu bincike na Jami'ar Hong Kong sun nazarci allunan katako na kasuwannin nama na birninsu, inda ake kankarewa kamar haka, suka wallafa a 2019 cewa kankara kaɗai ba ta raba allon da ƙwayoyin cuta, domin sukan yi wa kansu wani yauƙi da ke manne su cikin ramukan itacen.

Teburin mai tsire da mai balangu ya fi wannan buƙatar kula, saboda abin da ke barin sa bakin mai saye yake nufa kai tsaye. Idan katakon da aka fere ɗanyen nama a kai da rana shi ne ake yanka gasasshe da albasa da tumatir da kabeji a kai da dare, da wuƙa ɗaya da tsumma ɗaya, to wutar da ta gasa naman ta yi aikin banza. Haka abin yake ga mai shayi da ke yanka albasa da burodi kusa da inda yake fasa ɗanyen ƙwai. A irin waɗannan wurare tambayar katako ko roba tana zuwa ne bayan tambayar allo nawa ne.

7.0 Shawarwari

Ga gidaje, maƙalar tana ba da shawarar allo biyu masu siffa daban yadda yaro ma ba zai rikita su ba. Na farko na katako mai tauri, gutsure ɗaya marar haɗi, mai kaurin da bai gaza santimita 3 ba, domin ganye da kayan miya da burodi da dafaffen nama. Na biyu na ɗanyen nama da kaza da kifi kaɗai, kuma a nan roba mai kauri tana da gurbi, idan za a wanke ta da ruwan zafi da sabulu, a tsoma ta na 'yan mintuna cikin ruwan bilic, cokali ɗaya na cin abinci a kusan lita 4 na ruwa, a ɗauraye, a kuma yar da ita da zarar farce ya fara maƙalewa a tsagenta. Gidan da ba zai iya cika waɗannan ba gara ya yi na biyun ma da katako, domin kafinta yana iya kankare fuskarsa ya goge da sanfefa ya koma sabo. Inda allo ɗaya ne tak, a fara da abin da za a ci ɗanye, a ƙare da nama, a wanke nan take kafin maiƙo ya daskare. Tire na ƙarfe da faranti na tangaran suna dakusar da wuƙa, dakusasshiyar wuƙa kuma ita ce ke zamewa ta yanki yatsa.

Ga mahauta, ana buƙatar gungume biyu da za a riƙa hutar da ɗaya ya bushe, da wankewa da ruwan zafi da sabulu bayan kankarewa, da barbaɗa gishiri, da barin sa a buɗe a kan ƙafafu maimakon lulluɓewa da leda. Hanya mafi kusa ta isar da wannan ita ce ta Sarkin Fawa da shugabannin kasuwa tare da duba-gari na ƙaramar hukuma. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, da hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa suna da rawar takawa wajen tilasta buga alamar dacewa da abinci a kan allunan roba, sassan nazarin ƙananan halittu na jami'o'in Kano kuwa su gwada kirya da maɗaci da tsamiya irin gwajin da aka yi wa itatuwan Amurka.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa roba tana cika alkawarin tsafta ne kawai idan sabuwa ce ko ana wanke ta da tafasasshen ruwa ana kuma sauya ta, katako kuwa yana cika nasa idan mai tauri ne, babu maiƙo a fuskarsa, kuma yana bushewa tsakanin aiki da aiki. A yanayin Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda ruwa na saye ne, wanki na hannu ne, iska kuma busasshiya ce, sharuɗɗan katako sun fi sauƙin cikawa, ga shi kuma ana samun itacensa da masu gyaransa a kusa. Sai dai kowanne aka zaɓa, matakin da ya fi kare yara daga gudawa shi ne kada abin da za a ci ɗanye ya hau inda ɗanyen nama ya sauka, kuma kuɗin allo na biyu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.